Babi na Bakwai: Tabar Wiwi a Kotun Jama'a

A shekarar 1969 cibiyar Gallup, wadda ta yi suna wajen jin ra'ayin jama'a a Amurka, ta yi wa mutanen ƙasar wata gajeriyar tambaya: a halatta shan tabar wiwi ko kada a halatta? Mutum 12 kacal cikin kowane 100 suka ce a halatta. Tun daga lokacin cibiyar take maimaita tambayar, kusan da lafazi ɗaya. A 1977 masu goyon baya sun kai kashi 28 cikin 100, sannan suka sauko zuwa kashi 23 a 1985, sa'ad da gwamnatin Ronald Reagan ke tsakiyar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. A 2000 aka samu kashi 31. Daga nan ne abin ya miƙe: kashi 58 a 2013, kashi 70 a 2023. Hatta magoya bayan jam'iyyar Republican, waɗanda aka sani da ra'ayin 'yan mazan jiya, kashi 55 daga cikinsu suka ce a halatta a waccan shekarar. Ba kasafai al'umma guda ke sauya baki haka kan magana ɗaya ba, alhali da yawa daga cikin waɗanda aka fara tambaya suna nan da ransu.

Masu fafutukar halattawa sun mai da waɗannan alƙaluma hujjar da ta gama magana: jama'a sun yanke hukunci, sai 'yan siyasa su bi. Masu adawa kuma suna ɗaukarsu a matsayin shaidar lalacewar tarbiyya, alamar ƙasar da ta saki layi. A ganina dukansu biyu sun yi wa alƙaluman gurguwar fahimta. Abin da Amurkawa suka juya wa baya shi ne tsohuwar doka, wato kama mutum da ɗaure shi saboda an same shi da ƙulli ɗaya a aljihu. A kan wannan ra'ayinsu yana da nauyi, domin sun ga dokar tana aiki a unguwanninsu shekara da shekaru. Amma wace doka za ta maye gurbinta, wa zai noma, wa zai sayar, da wane ƙarfi, a wace unguwa, duk waɗannan tambayoyi ne da ƙuri'ar "e ko a'a" ba ta taɓa amsawa ba. Kuma duk inda aka yi wa jama'a waɗannan tambayoyi dalla-dalla, amsarsu ta fi ta 'yan kasuwar da ke magana da sunansu taka-tsantsan nesa ba kusa ba.

Mu fara da abin da ya gajiyar da mutane. Gwamnatin tarayyar Amurka ta soma murƙushe wiwi ne da wata dokar haraji a 1937, sannan a 1970, zamanin Richard Nixon, aka sanya ta a rukunin farko na haramtattun ƙwayoyi, sahu ɗaya da hiroyin. A shekarar 2007 kaɗai an yi kamu fiye da 870,000 kan laifin wiwi, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda aka kama ba dillalai ba ne, an dai same su da ita ne. Mafi yawansu ba su daɗe a tsare ba, amma tabon shari'a ya bi su: a nemi aiki a rasa, a nemi gidan haya a rasa, wani ma tallafin karatu ya suɓuce masa. Sannan kamun bai faɗa kan kowa daidai ba. Rahoton da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta fitar a 2013 ya nuna cewa baƙar fata ya fi farar fata fuskantar kamu kusan ninki huɗu, duk da cewa yawan masu sha a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Bayan duk wannan ɗawainiya, wiwi ba ta yi wuyar samu ba. Dokar da ta ci kuɗi, ta ɓata rayuwar matasa, ta nuna bambancin launin fata, kuma ta kasa hana abin da aka kafa ta dominsa, ba abin mamaki ba ne idan jama'a suka daina kare ta.

Ƙofa ta biyu da ra'ayi ya shigo ta cikinta ita ce ta asibiti. A 1996 masu zaɓe a jihar Kalifoniya suka amince da amfani da wiwi a matsayin magani, kuma waɗanda suka ja gaba su ne masu jinyar ƙanjamau a birnin San Faransisko da masu ciwon daji da ke fama da amai da rashin cin abinci bayan an yi musu magani. Hoton da ke zuwa wa Ba'amurke a zuciya idan an ambaci wiwi ya tashi daga na zauna-gari-banza ya koma na majinyaci. A 2013 gidan talabijin na CNN ya nuna labarin wata ƙaramar yarinya a Kolorado mai fama da matsananciyar farfaɗiya, wadda ta samu sauƙi da man da aka tace daga ganyen, mai ɗauke da sinadarin CBD wanda ba ya bugarwa. A 2018 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da wani magani mai suna Epidiolex, da aka samo daga wannan sinadari, don wasu nau'o'in farfaɗiya. Masana halayyar zamantakewa da suka bibiyi wannan sauyi sun gano cewa manyan dalilansa su ne yadda jaridu suka koma kawo labarin wiwi ta fuskar magani, da raguwar son tsauraran hukunci a tsakanin jama'a, da kuma ƙaruwar waɗanda ba sa bin wani addini. A lura, babu ɗaya cikin waɗannan da ke nufin mutane sun zauna sun auna illar ganyen sun same shi ba shi da laifi. Tausayi ne ya yi aiki, tare da gajiya da hukunci.

Ana ganin haka ƙarara da zarar an tsaga tambayar gida-gida. Cibiyar Pew ta ba mutane zaɓi uku a farkon 2024. Kashi 57 suka ce a halatta don magani da kuma nishaɗi, kashi 32 suka ce don magani kawai, kashi 11 suka ce kada a halatta sam. Mai son halattawa zai iya cewa kusan mutum tara cikin goma suna tare da shi, mai adawa da shagunan nishaɗi kuma zai iya cewa fiye da huɗu cikin goma suna tare da shi, kuma babu wanda ya yi ƙarya. A binciken dai, waɗanda suka ce halattawa na rage tsaro a unguwa sun kai kashi 34, waɗanda suka ce tana ƙara shi kuwa kashi 21 ne. Idan aka matso da maganar kusa da gida sai ta ƙara fitowa fili. A 2020 kusan biyu bisa uku na masu zaɓe a jihar New Jersey suka amince da halattawa, amma da aka ba ƙananan hukumomi dama su zaɓa, mafi yawansu suka hana buɗe shagon wiwi a yankunansu. A Kalifoniya ma, inda aka halatta ta don nishaɗi a 2016, fiye da rabin birane da gundumomi sun ƙi ba da izinin shaguna. Mutumin da ya ce kada a ɗaure ɗan maƙwabcinsa shi ne kuma ya ce kada a buɗe shago a kan hanyar makarantar 'yarsa. Babu tufka da warwara a nan, tambayoyi biyu ne daban aka yi masa.

Jihohi biyu sun ba da darasi mafi bayyana. A Ohayo, a 2015, binciken jin ra'ayi ya nuna fiye da rabin jama'a na goyon bayan a bar baligi ya sha abinsa. Amma ƙudurin da aka kawo musu ya keɓe noman kasuwanci ga gonaki goma kacal, mallakar attajiran da suka zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓen. Jama'a suka yi watsi da shi da kashi 64. Bayan shekara takwas, a 2023, aka kawo wani ƙuduri da babu wannan babakere a cikinsa, suka amince da kashi 57. Oklahoma kuwa ta bi hanyar a juye. A 2018 ta amince da wiwi don magani, da sharuɗɗa masu sauƙin gaske, har shagunan sayarwa suka haura 2,000 a jihar da mutanenta ba su wuce miliyan huɗu da 'yan kai ba, gonaki suka cika karkara, wasunsu na masu fasa-ƙwauri zuwa wasu jihohi. Da aka dawo a watan Maris na 2023 aka ce a ƙara faɗaɗawa zuwa nishaɗi, sai kusan kashi 62 suka ce a'a, kuma ƙudurin bai ci ko gunduma ɗaya ba cikin 77. Gani ya kori ji. Waɗannan mutane ba su koma son kurkuku ba, kasuwar da suka gani da idonsu ce ba ta yi musu ba.

Za a ce mini: to ai wannan ita ce dimokuraɗiyya, kuma jama'a ba yara ba ne. Kusan rabin manyan Amurkawa sun shaida wa Gallup cewa sun taɓa gwada wiwi, saboda haka da saninsu suke magana, kuma jihohi 24 sun riga sun halatta ta don nishaɗi tun daga Kolorado da Washinton a 2012. Wane ne marubuci da zai ce ya fi su sanin abin da suke so? Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma na yarda da rabinta: a kan 'yancin baligi da kuma adalcin hukunci, babu wani ƙwararre da ya fi talaka iko. Amma sanin da ake magana a kai na wace wiwi ne? A tsakiyar shekarun 1990, sinadarin THC, wanda shi ke bugarwa, bai wuce kimanin kashi 4 ba a ganyen da hukuma ke kamawa. Zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12, kuma a shagunan yau ana sayar da tataccen mai da ƙarfinsa ya haura kashi 70, ga alewa da cakulan da lemon kwalba da aka haɗa da shi. Dattijon da ya tuna zuƙar da ya yi a jami'a ya kaɗa ƙuri'a ne kan abin da ya sani, aka kawo masa abin da bai taɓa gani ba. Kuma haka kasuwa take: ribar mai sayar da kayan maye ba ta wurin mai sha sau ɗaya a wata take ba, tana wurin wanda ba ya iya kwana bai sha ba.

Abin da bincike ya nuna ya zuwa yanzu bai bai wa kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Babban abin da aka fi tsoro, wato ɗaliban sakandare su rungumi wiwi, bai faru ba, domin ƙididdigar da ake yi a makarantun Amurka ba ta nuna wani tashin gwauron zabi ba bayan halattawa. Kamu ya ragu ƙwarai, jihohi kuma sun tara haraji mai yawa. Sai dai akwai ɗaya gefen. Wani nazari da Jonathan Caulkins na jami'ar Carnegie Mellon ya wallafa a 2024 ya nuna cewa a 2022 Amurkawa miliyan 17.7 ne ke shan wiwi kullum ko kusan kullum, adadin da ya zarce na masu shan giya kullum ko kusan kullum, miliyan 14.7, karo na farko a tarihin ƙididdigar. Wani bincike da aka gudanar a wasu biranen Turai da Barazil, aka buga a 2019, ya gano cewa mai shan wiwi mai ƙarfi a kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin kamuwa da taɓin hankali kusan ninki biyar. Yara 'yan ƙasa da shekara shida da aka kai rahoton sun haɗiye alewar wiwi bisa kuskure sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Irin waɗannan illoli ba sa bayyana ranar zaɓe, a hankali suke taruwa a asibitoci da cikin gidaje. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, wannan tsari kuwa ko shekara ashirin bai yi ba.

Wani abin da ke rage wa ƙuri'ar jin ra'ayi ƙarfi a matsayin alƙali shi ne, ra'ayi kan bi doka kamar yadda doka kan bi ra'ayi. A Disamban 2013 ƙasar Urugwai, ƙarƙashin shugaba José Mujica, ta zama ta farko a duniya da ta halatta wiwi daga gona har zuwa hannun mai sha, alhali kusan biyu bisa uku na 'yan ƙasar ba sa so. Sai dai gwamnati ta riƙe linzamin da kanta: sai ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin da ya yi rajista, giram 40 a wata, a saya a kantin magani ko a shuka tushe shida a gida ko a shiga ƙaramar ƙungiya, babu talla, kuma an ƙayyade ƙarfin ganyen da ake sayarwa. Da shekaru suka tafi adawa ta lafa, gwamnatin 'yan adawa da ta hau mulki a 2020 ma ba ta soke dokar ba. Tailan ta yi akasin haka. A watan Yunin 2022 ta cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi tun kafin majalisa ta kammala dokar da za ta tsara cinikinta. Dubban shaguna suka ɓullo a Bankok da wuraren yawon buɗe ido, iyaye da likitoci suka yi ca, a watan Yunin 2025 gwamnati ta dawo da sharaɗin takardar likita. Ƙasashen biyu duk ana cewa sun "halatta", amma ɗaya ta fara da ƙin jama'a ta ƙare da haƙurinsu, ɗayar kuma ta fara da shewa ta ƙare da ja da baya. Tsarin dokar ne ya raba su.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai sukar da mai karatu Musulmi zai fi saurin kawowa: mene ne ma amfanin jin ra'ayin jama'a a kan abin da ke gusar da hankali? Haram ba a kaɗa mata ƙuri'a. Gaskiya ne, ko da mutanen duniya duka sun taru ba za su mai da abin maye halal ba, kuma malamai sun haɗu kan haramcin shan abin da ke gusar da hankali. Amma haramcin abu daban, irin hukuncin da hukuma za ta yi wa mai aikata shi daban, kuma malaman da suka fara fuskantar yaɗuwar hashisha a Masar da Sham sun san wannan bambanci. Ibnu Taimiyya ya ɗauke ta tamkar giya, ya ce a yi wa mai shanta haddi. Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya sanya ta cikin abubuwan da ke ɓata hankali, ya ce hukuncinta ta'aziri ne, wato horon da shugaba ke ƙaddarawa gwargwadon maslaha. Inda duk aka ce maslaha kuwa, dole a duba abin da hukuncin ke haifarwa. Shin ɗaurin yana raba yaro da shaye-shaye, ko yana haɗa shi da manyan masu laifi ya fito ya fi da lalacewa? Iyaye da maƙwabta da malaman unguwa su ne suka fi kowa sanin amsar. Saboda haka mai ƙin halattawa saboda addini ma yana da buƙatar ya saurari jama'a, ba domin su gaya masa hukuncin Allah ba, sai domin su gaya masa ko dokar ɗan Adam tana aiki.

Maganar ba ta tsaya a ƙetare ba. Nijeriya ta gwada tsanani tun 1966, lokacin da gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, sannan a 1989 aka kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Duk da haka, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar da miliyan 10.6. Marigayi Rotimi Akeredolu, tsohon gwamnan Ondo, ya yi ta kira a ba da izinin nomanta don magani da fitarwa waje, shugaban NDLEA Buba Marwa kuma ya tsaya kai da fata kan ƙin halatta sha. A Disamban 2020, lokacin da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukuni mafi tsanani da ƙuri'a 27 da 25, Nijeriya na cikin masu adawa, Maroko na cikin masu goyon baya. Ita Marokon a 2021 ta ba da izinin noma don magani da masana'antu ba tare da ta halatta sha ba. Ghana a 2020 ta buɗe ƙofar noman nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 ba, ta kuma mai da hukuncin wanda aka kama da ta shansa tara maimakon ɗauri. Idan aka tsaya a kasuwar Kano ko ta Damagaram aka ce "a halatta wiwi?", ba sai an yi duba ba, a'a ce za ta rinjaya. Amma uwar da ɗanta ya faɗa shaye-shaye ba kurkuku take nema masa ba, magani take nema. Rashin wuraren jinya na daga cikin abin da ke tura iyaye kai 'ya'yansu gidajen mari, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a 2019 suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa.

Abin da ya kamata ɗan majalisa ko ɗan jarida ko malami ya yi da kowace ƙuri'ar jin ra'ayi kan wiwi shi ne ya fara neman sanin tambayar da aka yi kafin ya dubi adadin. Tambayoyin aƙalla huɗu ne: a ɗaure mai sha ko a kai shi jinya? Likita zai iya rubuta maganin da aka tace daga ganyen bayan an gwada shi kamar kowane magani? Manomi zai iya noman nau'in da ba ya bugarwa ƙarƙashin lasisi? Sannan, za a bar kamfanoni su buɗe shaguna su yi gasar ƙarfi da araha da talla? Mutum zai iya amsa uku na farko da sassauci ya amsa ta huɗu da a'a mai ƙarfi, kuma bai saɓa wa hankali ko addininsa ba. Masu son ribar ta huɗu sun ƙware wajen fakewa da tausayin da jama'a ke yi a ta farko da ta biyu, masu tsoron ta huɗu kuma sukan toshe kunne ga sauran ukun gaba ɗaya, sai a bar matashi tsakanin dillali da gandiroba. Ƙasar da ta ware tambayoyin nan ta amsa su ɗaya bayan ɗaya za ta iya rage cunkoson gidajen yari ta faɗaɗa wuraren jinya ba tare da ta buɗe shago ko ɗaya ba.